Hantar ɗan tunkiya da magani: tambayoyin da masu kiwo sunka fi yi mini a Tawa

Salamu alaikum ƴan uwa masu kiwo. Ni aikina duba dabbobi ne nan Tawa, kuma duk shekara in tumaki sunka fara haihuwa sai tambayoyi iri ɗaya su yi ta zuwa, wani ya tare ni a kasuwa, wata ta aiko yaro, wani kuma sai abu ya riga ya ɓaci sannan ya kira waya. Shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda in amsa a natse. Abin da nike so ya zauna ma kowa a kai shi ne hantar ɗan tunkiya ba irin ta uwarshi ba ce, ba wai ƙarama ce kawai ba, aikinta ne bai nuna ba tukuna.

Likita, wai mi hanta ke yi ma magani ne? Ni na ɗauka magani jini kawai ya ke shiga.

Shina shiga jini, gaskiyarka, amma wa zai fidda shi? Yawancin magungunan da mu ke ba dabba masu son maiƙo ne, ba su narkewa cikin ruwa sosai, ita kuwa ƙoda abin da ya narke cikin ruwa ta ke iya zubarwa ta fitsari. To hanta ce ke tsakiya. Cikinta akwai wasu sinadarai da a ke ce ma anzim, su ne ma'aikatanta, kuma aikin nasu hawa biyu ne. Hawan farko su taɓa maganin su sake mishi kama, yawanci ta hanyar liƙa mishi iskar oksijin. Hawa na biyu su ɗaura mishi wani abu mai son ruwa, kamar wani ɗan'uwan sukari da a ke kira gulukuronid, ko sulfat, ko gulutatiyon, daga nan sai ya fita ta fitsari ko ya bi ruwan matsarmama ya sauka hanji ya fita da kashi.

Ka ɗauka kamar aikin jima ne, fata ba ta zama abin ɗinki sai ta bi hannu bayan hannu. In hannu ɗaya ya yi rauni sai kaya su taru a bayanshi.

Su waɗannan anzim ɗin suna da suna?

Suna da shi. Babban gidan da ke aikin hawan farko sunanshi sitokurom P450, a taƙaice CYP, kuma gida ne mai ɗakuna da yawa, akwai CYP1A, CYP2C, CYP2D, CYP3A da sauransu, kowane da irin maganin da ya fi kamawa. Wasu masana biyu ƴan Japan, Tsuneo Omura da Ryo Sato, su ne sunka bayyana ko minene shi a farkon shekarun 1960, lambar 450 ɗin kuwa daga tsawon hasken da ya ke sha ne in an gwada shi a na'ura. Akwai kuma wani da a ke ce ma FMO shi ma na hawan farko. Na hawa na biyu wanda ya fi shahara shi ne UGT, mai ɗaura gulukuronid. Ba sai kun hardace ba, amma zan riƙa ambatonsu ƙasa.

Ɗan da ke cikin ciki, hantarshi tana aiki ko sai an haife shi?

Tana aiki ƙwarai, sai dai ba wanga aikin ba ne ya fi damunta. Cikin tunkiya wata biyar ne, kwana 145 zuwa 150, kuma a tsawon lokacin nan hantar ɗan tayi tana ƙera ƙwayoyin jini, can ƙarshe kuma tana tara sukarin ajiya wanda zai riƙe shi a sa'o'in farko bayan ya faɗo. Maganar tace guba kuwa ya bar ma uwarshi. Masu binciken da sunka auna hantar ƴan tayin tumaki sunka kwatanta da ta jarirai da ta manya abu guda su ke samu, P450 ɗin ɗan tayi kaɗan ne ƙwarai, ya ƙaru a jariri, ya kai ƙarfinshi a babba.

Akwai ma wani abin mamaki na halitta. Jinin da ke zuwa daga mahaifa ta cibiya ba duka ke ratsa hanta ba, akwai wata ƴar jijiya da ke yanke hanya ta kai kusan rabinshi kai tsaye wajen zuciya. Wato abin da ya ƙetaro daga uwa, wani kaso nashi zai isa zuciya da ƙwaƙwalwar ɗan ba tare da ya ko gaisa da hanta ba. Bayan haihuwa cikin ƴan kwanaki jijiyar ke toshewa.

Amma kar a ce babu komi sam. A ƙarshen ciki ɗan tayin tunkiya shina iya ɗan taɓa aikin hawa na biyu, an gwada da farasitamol an ga shina ɗaura mishi sulfat da gulukuronid. Matsalar ita ce abin da anka ɗaura ma ruwa ba ya komawa wajen uwa da sauƙi, sai ɗan ya fitsarar da shi cikin ruwan da ya ke kwance a ciki, ruwan nan kuma shina haɗiyarshi.

To in na ba tunkiya mai ciki maganin tsutsa zai kai ga ɗan kenan?

Wanga tambaya ita ce na fi so mutane su yi kafin su ba da magani, ba bayan sun ba ba. E, shina kaiwa. Mahaifar tunkiya tana da kauri, shi ya sa ma garkuwar jikin uwa ba ta ƙetarawa sai ɗan ya sha dakashi, amma ƙananan magunguna masu son maiƙo suna wucewa abinsu.

Mu ɗauki albandazol tunda shi ne ya cika kasuwanninmu, daga Tawa har Badagishiri da Abalak ba teburin mai magani da za ka rasa bolis ɗinshi, wato babbar ƙwayar da a ke ɗura ma dabba. In tunkiya ta haɗiye shi hantarta ba ta ɓata lokaci, FMO da P450 sai su maida shi wani abu da a ke kira sulfoksid, kuma shi sulfoksid ɗin ne ke yawo cikin jini shina kashe tsutsa, albandazol ɗin kanshi da ƙyar ka same shi a jinin. Daga baya hanta ta sake taɓa shi ya zama sulfon wanda ba ya da ƙarfi, ya fita. To sulfoksid ɗin nan shina ƙetare mahaifa, kuma yadda ya ke kashe tsutsa shi ne hana ƙwayoyin halitta rabuwa yadda ya kamata. Ɗan tayi na makonnin farko kuwa ba abin da ya ke yi sai rabuwar ƙwayoyin halitta, a lokacin ne a ke tsara ƙashi da ƙoda da gaɓoɓi. Shi ya sa takardar maganin ke cewa kar a ba tunkiya a watan farko na ciki, don shina iya jawo ɓari ko a haifi ɗa da nakasa.

Abin da ke ba mu wahala nan shi ne rago tare da tumaki ya ke kwana ya ke tashi, ba wanda ya san ranar da anka hau tunkiya. Shawarata, in kin ga rago na bin ta cikin makonnin nan, Hajiya, ki ɗauka tana da ciki, ki tambayi ma'aikacin dabbobi wane magani ne ya dace.

Yaushe hantar ke farkawa?

Ba rana ɗaya ba ce, amma ƙofar tana fara buɗewa gab da haihuwa. Cikin kamar mako biyu na ƙarshe jikin ɗan tayi shina ƙara fidda wani sinadari mai suna kortizol, shi ne ke nunar da huhu da hanji da hanta, kuma a tunkiya shi ne ma ke tada naƙuda. Wato ɗan ne ke sanar da uwa lokaci ya yi, ikon Allah. Da ya faɗo aka yanke hulɗa da mahaifa, ya fara numfashi, ya fara shan nono, sai hanta ta ga ba mai yi mata aikin, daga nan anzim ɗin ke hawa da sauri cikin mako uku zuwa huɗu na farko, sannan hawan ya ci gaba a hankali har wajen wata biyu zuwa uku, wasu ɗakunan P450 ma suna ta ƙaruwa har dabba ta yi watanni. Kuma ba tare su ke tashi ba, wani ya riga wani. Ƙoda ita tana saurin kamawa fiye da hanta.

Ɗan da anka haifa bai cika kwanakinshi ba, ko ƴan biyu da sunka zo ƙanana, su nasu ya fi baya.

Ni dai raba bolis ɗin nike yi, babba guda, ƙarami rabi. Laifi ne?

Baba, wanga lissafin ne ya fi kashe muna ɗiyan tumaki, kuma na san da kyakkyawar niyya a ke yin shi. Bari mu ƙirga tare. Bolis na miligiram 300, in ana ba da miligiram 7.5 kan kowane kilo, na dabba mai kilo 40 ne. Ɗan tunkiya na kwana goma bai fi kilo 4 ko 5 ba. Ka ba shi rabi, miligiram 150 kenan a kilo 4, ya sha ninki biyar na abin da ya dace da nauyinshi. Wanga tun ba mu zo maganar hanta ba kenan. Sai ka ƙara da cewa hantar da za ta fidda shi ba ta kai ba, furotin ɗin jini da ke riƙe magani ya rage mishi kaifi shi ma kaɗan ne, shingen da ke kare ƙwaƙwalwa bai gama ƙarfi ba.

Albandazol shina da ɗan haƙuri. Lebamizol, shi ma maganin tsutsa ne, ba shi da shi, tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke zama guba tazarar kaɗan ce. Ba na mance wata dattijuwa a unguwarmu da tunkiya ɗaya ce duk dukiyarta, ta haifa mata ƴan biyu, ɗaya ya fara zawo, wani mai tebur ya ba ta bolis ya ce ta ɓantara ta ba su. Kafin in iso miyau na ta zuba a bakinsu, jiki na karkarwa, suna faɗuwa suna tashi. Ɗaya ya rayu, ɗaya bai kai magariba ba. Ta zauna bakin garke ta yi shiru, ta ce mini ita da hannunta ta ba shi. Na gaya mata ba laifinta ba ne, ba wanda ya taɓa yi mata bayanin, kuma tun ranar na ɗau alkawarin ba zan gaji da maimaita wanga magana ba.

Abin da ya ƙara mini ciwo shi ne ba su ma buƙatar maganin. Yawancin tsutsar ciki daga ciyawa a ke ɗaukarta, ɗan da bai fara kiwo ba ina ya same ta?

To wata nawa zan fara ɗaukarshi kamar babba?

In ya haura wata uku, shina cin ciyawa shina tuƙa, ana iya bin ma'aunin takardar magani gwargwadon kilonshi. A auna shi, ko da sikelin mai hatsi ne, a sa shi cikin buhu a rataya. Ƙasa da wata guda kuwa kar a ba shi komi sai wanda ya san aikin ya gani.

Ɗan kwana bakwai na zawo, mi zan ba shi in ba maganin tsutsa ba?

Ruwa da farko. Abin da ke kashe shi bushewar jiki ne da sanyi, don haka ruwan gishiri da sukari irin wanda a ke ba yara, kaɗan-kaɗan, kar a hana shi nono, a sa shi wuri mai ɗumi marar danshi. Zawon ɗan ƴan kwanaki yawanci ƙwayoyin cuta ne daga ƙazantar garke, ko kuma bai samu dakashi isasshe ba a ranar farko. In ana buƙatar magani irin sulfa ma'aikaci ne zai auna, don sulfa na daɗewa a jikin jariri fiye da na babba saboda hantar ba ta saurin sarrafa shi, kuma in ba ruwa a jiki shina taɓa ƙoda. Kafso ɗin mutane da a ke fasawa a zuba mishi a baki, don Allah a bari.

Ina ruwan tumbi da wanga magana?

Da ruwanshi sosai. Babbar tunkiya wurin tace guba biyu gare ta, tumbi da hanta. Ƙwayoyin halittar da ke zaune cikin tumbi suna lalata wasu gubobi tun kafin su shiga jini, kuma tumbin na riƙe magani irin albandazol shina sakinshi sannu-sannu. Jariri tumbinshi ɗan mitsitsi ne ba ya aiki, nono na bin wata kwata ya wuce shi kai tsaye, sai wajen mako takwas ya ke zama tumbi na gaske. Misalin da ya fi kusa da mu angurya ce. Cikinta akwai guba mai suna gosifol, babban rago tumbinshi na ɗaure ta ya ci ya yi ƙiba, ɗan da bai fara tuƙa ba kuwa tana shiga jininshi ta taɓa zuciya da hanta. In kuna zuba ma uwa angurya ku lura kar ɗiyan su riƙa sa baki.

Kowane magani ne sai ya bi ta hanta?

A'a. Oksitetarasikilin, allurar nan da kowa ya sani, hanta ba ta sake mishi kama sosai, ƙoda da matsarmama ke fidda shi kusan yadda ya shiga, amma shina liƙewa a ƙashi da haƙoran da ke tsirowa. Kulosantel, maganin tsutsar hanta, shi kuma manne ma furotin ɗin jini ya ke yi ya daɗe makonni, in ya yi yawa shina makantar da dabba, makantar da ba ta warkewa, kuma ƙanana ne sunka fi faɗawa don su a ke yi ma kuskuren awo. Ibamektin, wani maganin tsutsa, CYP3A ke taɓa shi, mafi yawanshi ta kashi ya ke fita, haɗarinshi ga jariri shi ne ya ƙetara ƙwaƙwalwa. Af, wanda ya samo asalin ibamektin shi ma Omura ne, Satoshi Omura, ya samu kyautar Nobel a 2015 tare da William Campbell, amma ba shi ne na P450 ba, suna ne ya zo ɗaya.

Babbar dabba fa, hantarta ba ta gazawa?

Tana gazawa. Tumakin da ke kiwo bakin ruwa, irin tafkin Tabalak ko fadamun bakin kogi wajen Yamai, suna ɗaukar tsutsar hanta, mahauta sun san ta, falen abu kamar ganye cikin jijiyoyin hanta. An auna an ga tana rage P450, wato rago babba sai ya koma shina riƙe magani kamar yaro. Haka tunkiya mai ƴan biyu da ta sha yunwa ƙarshen ciki lokacin rani, kitse na taruwa a hantarta.

Wani abu kuma, ba kullum aikin anzim ke zama alheri ba. Tunkuzar gyaɗa ko dussa da ta yi hunhuna tana ɗauke da afalatoksin, kuma P450 ɗin ne da kanshi ke maida shi gubar da ke cin hanta. Abincin da ya yi hunhuna a zubar, kar a ce ai dabba ce.

Akuya kuma daban ta ke, hantarta ta fi ta tunkiya saurin fidda magunguna da yawa, don haka ma'aunin wannan ba na waccan ba ne.

An ce allurar desametazon na sa dabba cin abinci, in yi ma mai ciki?

Kar ki yi. Ƙanwar kortizol ce da na ambata sama, ga tunkiyar da cikinta ya tsufa tana iya tada naƙuda kafin lokaci.

Allurar riga-kafi ita ma sai hanta ta nuna?

Ita ba ta wannan hanya ta ke bi ba, garkuwar jiki ta ke koya ma aiki. Dalilin da ya sa a ke jinkirta ma ƙanana riga-kafi har su yi ƴan watanni shi ne garkuwar da sunka sha cikin dakashi tana iya kashe ƙarfin allurar. In ma'aikatan gwamnati sunka fito zagayen shekara ku kai dabbobinku, su za su ware waɗanda ba su isa ba.

Mi ya sa masana ke wahalar da kansu kan hantar ɗan tayin tunkiya?

Don mu ne, mutane. Ɗan tayin tunkiya girmanshi ya yi kusa da na jaririn mutum, kuma ana iya yi ma uwar aiki a sa ƴan siraran robobi cikin jijiyoyin ɗan a maida shi ciki, a riƙa ɗibar jininshi kwana da kwanaki shina raye, abin da ba za a taɓa yi ma mace ba. Ta haka Graham Liggins a ƙasar Niyu Zilan ya lura cewa ɗiyan tumakin da anka ba irin kortizol huhunsu na nuna da wuri, a 1972 shi da Ross Howie sunka nuna haka ne ga mata ma, kuma allurar da a ke yi yau ma mace mai naƙudar bakwaini daga nan ta samo asali.

Jaririn mutum shi ma UGT ɗinshi ba ya da ƙarfi, shi ya sa shawara ke kama jarirai da yawa a makon farko. A ƙarshen shekarun 1950 an rasa jarirai a asibitocin Amurka saboda kuloramfenikol, hantarsu ta kasa ɗaura mishi gulukuronid ya taru, jikinsu ya yi toka-toka. Amma ba komi ke daidai ba tsakaninmu da tumaki, ɗan tayin mutum shina da wani P450 nashi na musamman, CYP3A7, tun shina ciki, don haka ba a ɗaukar ma'aunin tunkiya a ɗora ma mace.

Ragon layya na yi ma allura saura mako guda salla, ana iya cin naman?

Duba kwalbar, akwai adadin kwanakin da anka rubuta a jira kafin yanka, kuma kwanakin nan an ƙirga su ne da lafiyayyar babbar dabba mai cikakkar hanta. Ga oksitetarasikilin mai dogon aiki da ibamektin na allura maganar makonni a ke yi, mako guda bai isa ba, wuta kuma ba ta ƙone saura duka ko an yi tarenin nan namu an gasa yini guda. Inda saura ya fi taruwa shi ne hanta da ƙoda da wurin da allura ta shiga, mu kuwa hanta ce farkon abin da a ke soyawa ranar salla a miƙa ma yara da tsofaffi da mai ciki. In rago ya kamu da ciwo gab da salla ka gaya ma ma'aikacin ranar da za ka yanka tun kafin ya zuƙi maganin cikin sirinji, akwai masu gajeren jira da zai iya zaɓa. In kuma saye za ka yi a kasuwa, shafa wuyan da cinyar, kumburi mai tauri ƙarƙashin fata sau da yawa wurin allura ne, ka tambayi dillali yaushe anka yi ta.